Mutanen da Ke Ɗaya Bakin Igiyar

Duk watan Maris, idan aka buɗe gasar Crufts a birnin Birmingham na Ingila, kyamarori kan bi karnukan da aka wanke aka taje. Amma akwai wata gasar a gefe da ba ruwanta da kyan gashi, wato gasar biyayya, wadda aka shigar cikin Crufts a 1955. A nan kare zai yi tafiya kafaɗarsa manne da ƙafar hagun mai shi, a juya ya juya, a tsaya ya zauna. A tura shi can nesa ya kwanta daidai inda aka nuna. Daga nesan a ce ya zauna, ya miƙe, ya sake kwanciya, ba tare da ya matso ba. A shimfiɗa ƙyallaye a ƙasa ya shinshino wanda alƙali ya riƙe a hannu. Karnukan sun san aikinsu. Wanda ke son dariya, masu su zai zuba wa ido.

Na farko shi ne akawun rabin maki. A Amurka, inda ƙungiyar masu karnuka ta AKC ta tsara dokokin wannan gasa tun 1936, kare yana shiga fili da maki 200, alƙali ya riƙa yanka. Wanda ya fito da 170, kuma ya sami fiye da rabi a kowane aiki, ya haye. In ya haye sau uku a ba shi lambar ajin. Akawunmu bai san da wannan ba. Karensa ya sami 198 da rabi, jama'a na tafi, shi kuwa fuska a murtuke kamar an yi masa rasuwa. Laifin? Da karen ya dawo ya zauna a gabansa, ɗuwawunsa ya ɗan karkata hagu. A gida ya kafa madubi a gareji, ya shimfiɗa sanduna biyu a ƙasa don karen ya koyi zama tsakaninsu a miƙe. Bidiyon gasar yana wayarsa, kuma in tsautsayi ya sa ka tambaye shi ya aka ƙare, sai ka kalle shi sau uku.

Sai baiwar Allah mai ƙyas-ƙyas. Tun kafin ka gan ta za ka ji ƙanshinta, don jakar ƙugunta cike take da busasshiyar hanta da gutsattsarin cuku. A hannunta akwai ɗan ƙarfe da ake latsawa ya yi ƙara. Dabarar ba wasa ba ce: ana latsa shi daidai ƙiftawar da kare ya yi abin da ake so, sannan lada ta biyo baya, sai karen ya gane takamaimai wane motsi ne ya jawo masa hanta. Wata mata mai suna Karen Pryor, wadda ta horar da dabbobin ruwa dolfin a Hawaii, inda ba halin sa wa ɗalibi igiya a wuya, ita ta yaɗa hanyar da littafinta na 1984. Almajirar tata ba ta taɓa ce wa kare a'a ba, in ji ta. Matsalarta guda ce: doka ta hana shiga fili da abinci. Ranar gasa karen zai yi aiki biyu, ya dubi ƙugunta ya ga wayam, ya fara tunanin ko an rage albashi.

Kishiyarta a wannan sana'a dattijo ne mai sarƙar wuya. Komai nasa da "a zamaninmu" yake farawa. Ya girma yana kallon Barbara Woodhouse a talabijin ɗin BBC a 1980 tana daka wa masu karnuka tsawa, kuma yakan ambaci Konrad Most, Bajamushen da ya rubuta littafin horar da karnuka a 1910, tamkar sun sha shayi tare. A wurinsa ba wa kare hanta cin hanci ne. Ita kuma tana tuna masa cewa kwalar lantarki da ake sa wa kare a wuya an haramta ta a yankin Wales tun 2010, alhali shi bai taɓa amfani da ita ba. Sukan shafe hutun rana suna wannan muhawara, karnukansu biyu na kwance a inuwa ɗaya. A ganina, in sun ƙware, abu ɗaya ne ke yi musu aiki, wato amsa wa kare a kan lokaci, ba bayan daƙiƙa uku ba. Kada dai ka faɗa musu haka, za su haɗu a kanka.

Akwai kuma wanda ba ya yi wa karensa magana sai da Jamusanci. Ya ƙyalla ido kan gasar IGP mai sassa uku, bin sawu, biyayya da tsaro, wadda ta samo asali daga gwajin karnukan makiyayan Jamus. In an sayo kare daga can da horonsa, ba laifi a ci gaba da harshen da ya saba. Na wannan mutum kuwa a layin bayansu aka haife shi. Amma sai ka ji ya buɗe ƙirji ya ce "Platz!", wato kwanta, tsoffin da ke bakin fili su zabura, karen ya yi hamma.

Ɓarawon ishara ya fi su wayo. A manyan azuzuwa umarni ɗaya ake bayarwa, in ka maimaita a yanke maka. To shi sai ya ƙirƙiro na ɓoye: ɗan tari kafin juyawa, sauke kafaɗa kafin tsayawa, jan numfashi mai ƙarfi. Alƙalai sun san duk wannan, da yawansu ma sun taɓa yi. Abin tausayi shi ne ɗan uwansa da ke yi bai sani ba. Tun 1907 aka gano cewa Hans, dokin nan na Berlin da aka ce ya iya lissafi, motsin jikin masu tambayarsa yake karantawa. Kare ma gwani ne a wannan karatun. Ranar gasa tsoro ya sandarar da mai shi, kafaɗar da ta saba sauka ta ƙi sauka, karen ya wuce abinsa shi kaɗai.

Mai cewa "wallahi a gida yana yi" ba ya buƙatar dogon bayani. Gaskiya yake faɗi. A gida babu lasifika, babu karya a filin gefe, babu yaro mai cin tsire.

Wanda na fi ƙauna shi ne mai taurin kai. Kowa ya san karen kiwon tumaki na Border Collie ne ya mamaye wannan fage a Ingila, har a gasar tsalle-tsalle aka ware aji na kowane kare ban da shi. A 1994 Stanley Coren ya tattara ra'ayin alƙalan biyayya ya jera jinsunan karnuka: Border Collie na ɗaya, karen farautar Afganistan na ƙarshe. Mutuminmu na ƙarshen ya saya, da gangan. An ƙirƙiri wannan jinsi ne don ya hango dabba ya bi ta da gudu ba tare da neman shawarar kowa ba, kuma har yau bai ga dalilin canzawa ba. A jefa masa katakon ɗaukowa, ya dubi katakon, ya dubi mai shi, ya dubi alƙali, kowa da irin kallon da ya dace da shi. Shekara da shekaru suna aji ɗaya. Ranar da suka haye da 171, ihun da ake yi a filin ya fi na wanda ya ci kofi, kuma akawun rabin maki yana tsaye ya kasa gane me ake wa murna.

A wajen ajiye motoci za ka sami na ƙarshe, maigidan da bai taɓa shiga fili ba. Shi ke tuƙi tun asuba, shi ke riƙe da butar shayi da kujerar naɗewa. A jikin firij ɗin gidansu an liƙa masa jerin kalmomin da aka hana shi faɗa wa karen, don kada ya lalata su. In yana son kiransa sai dai ya yi fito. Yana bin doka sau da ƙafa, sai fa idan uwargida ta shiga wanka. A lokacin yakan fita bayan gida ya jefa wa karen ƙwallo, ya karɓa ko ta wane gefe aka kawo masa, ya shafa kansa ya ce madalla. Wata guda ke nan tana biyan ƙwararre kuɗi don a gano mata inda karen ya koyo karkataccen zama.