Kowane Kafinta da Buhunsa

Lokaci biyu ne a shekara kafintan Dutsin-Ma ba ya kwana gida. Na farko bayan kaka, sa'ad da manomi ya sayar da wake ya ga ashe zai iya sauke rufin ƙasa ya ɗora kwano, ko ya yi wa 'yarsa gado da kabad. Na biyu farkon damina, in iskar ruwan fari ta bi ta Karofi da Makera ta yaye rufin da aka yi bayan kakar. Duka biyun sai an kama hanya, shago kuwa ba ya shiga buhu. Dole mutum ya zaɓa. In rufi ne, abin bai taka kara ya karya ba: zarto, guduma, tef, igiya, sikwaya, fensir, cizal ɗaya ko biyu da dutsen wasi. Yaron da ya yi wata shida a shago ya san haka. Amma a wajen cusa waɗannan 'yan abubuwa cikin buhun siminti ne halin kowa yake fitowa fili.

Wanda na fi shan wahalarsa, kuma na fi kewarsa in bai zo ba, shi ne Ko-da-wani-abu. An kira shi Birchi ya gyara ƙofa ɗaya da ta sauka tana jan ƙasa. Aikin sukudireba ne da ƙusa huɗu. Tun daren jiya ya fara shiri. Zarto uku: na tsaga, na yanka, da wani tsoho da ya rasa haƙora a tsakiya wanda ya ce ba a san inda rana za ta faɗi ba. Guduma babba da ƙarama. Kuroba. Kilam biyu na ƙarfe, kowanne ya kai tsawon yaro ɗan firamare. Gizagon kakansa. Gwangwanin madara cike da lanƙwasassun ƙusoshi da yake tarawa tun yana yaron shago, da niyyar wata rana zai zauna ya miƙe su. Galan ɗin baƙin mai saboda gara, ko da yake ba wanda ya ce masa akwai gara a gidan. In ka ce, "Maigida, ƙofa ɗaya ce hwa," sai ya dube ka da tausayi ya ce, "Kai yaro ne. Ko da wani abu."

A tasha ake fara wasan. Ɗan kamasho ya ɗaga buhun, ya ajiye, ya dafe ƙugu, ya ce kuɗin mutum biyu. Maigida ya rantse kayan ba su kai nauyin kwanon gero goma ba. A yi ta ja har direba ya fito daga wurin mai shayi ya raba. But ɗin Golf ba ya rufuwa, sai an ɗaure da igiya, igiyar ma tasa ce, kuma zai tuna wa direba haka sau uku kafin a bar gari. Kilam ba ya shiga but, don haka a ciki zai kwanta, bisa cinyoyin mutum huɗun da ke baya, ciki har da wata tsohuwa da ba ta san hawa ba ta san sauka ba. Zarto yana tsaye tsakanin ƙafafunsa an naɗe haƙoran da kwali, kwalin kuma ya zame tun a kwanar farko.

Ga shi yanzu hanyoyinmu ba a tafiya mai nisa ba a tarar da shinge ba, kuma jami'in da ya ga ƙotar gizago ta leƙo daga buhu yana da gaskiya in ya ce a sauke. Kowa a motar gabansa ya faɗi, ban da mai kayan. Shi ranar sallarsa ce ta zo. Zai shimfiɗa su ɗaya bayan ɗaya a bakin kwalta yana bayani: wannan na tsaga ne, Yallaɓai, ka ga haƙoransa sun fi girma, wannan tun zamanin Shema yana gwamna na saye shi a Katsina, wannan kuwa in na ba ka labarinsa sai ka yi kuka. Jami'i ya gamsu tun a zarto na biyu, yana ta cewa a tafi, a tafi, amma Maigida bai kai kan kuroba ba.

In an isa, sukudireban yana can ƙasan buhu, saboda shi aka fara sawa. Sai a zazzage komai a gindin bedi. Yara su taru. Kafin a jima labari ya shiga gidaje cewa kafinta ya zo da shagonsa. Wannan ta aiko da kujerar tsugunno mai ƙafa uku, waccan da murfin akwati, liman ya aiko da allon da ya tsage. Ba ya iya cewa a'a, don ai yau kowane ƙarfe ya sami dalilin zuwansa. La'asar za ta yi ya gyara rabin unguwa a kan "Allah ya saka", ƙofar da aka kira shi dominta tana nan tana jan ƙasa. Sau ɗaya dai, shekarun baya, aka taɓa buƙatar kilam ɗin nan da gaske, wata ƙofar masallaci ta buɗe a haɗi. Duk wanda ya taɓa zama kusa da shi a mota ya san labarin, har da abin da mai unguwa ya ce.

Kishiyarsa shi ne wanda fensir a kunne da guduma a ƙugu su ne shirinsa. Ya ce hannu ne kayan aiki. Da taƙi yake awo, da ido yake duba miƙewa. Ƙofofinsa suna rufuwa, in ka sa kafaɗa.

Sai ɗan zamani. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a 2011 gari ya cika da ɗakunan haya, aikin teburin karatu da kanta ya yi yawa, aka sami samarin kafintoci da suka koyi rabin sana'ar a waya. Nasa ba buhu ba ne, jakar goyo ce mai zif. A ciki akwai dirila mai batir da zarton nan na China mai baƙaƙen haƙora, wanda magagari ba ya kama shi, in ya dakushe sai dai a jefar. Awa biyun farko yana burge kowa. Daga nan batir ya mutu, a ƙauyen da mai cajin waya ɗaya ne, shi ma janaretonsa sai bayan magariba. Za ka gan shi zaune a inuwa yana jiran caji, yana yi wa mai guduma bayanin yadda ake yi a Turkiyya.

Akwai Aiko-mini. Shi bai taɓa damuwa da abin da ya manta ba, saboda yana da waya kuma ya san direbobin layin Katsina da Dutsin-Ma kaf. Daga saman rufi a Kurfi zai kira gida: a ba wane sikwaya, ya ba direba, a ajiye wurin mai rake. Kafin azahar tef ya biyo wata motar. Wani lokaci kuɗin aike ya fi kuɗin abin da aka aiko. A watan Satumba na 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda matsalar tsaro, har da Dutsin-Ma da Kurfi, kowa ya ji jiki, amma shi sana'arsa ce ta tsaya cak. A watannin nan aka ga abin da ba a taɓa gani ba: ya zauna da daddare yana duba buhunsa. Da layi ya dawo, shi ma ya dawo.

Duk waɗannan, tsohon masassaƙi kallon yara yake yi musu. Shi ba ya haɗa kaya. Ruwan gizago da na gatari ya naɗe a tsumma ya jefa a aljihun taguwa, ƙota kuwa in ya isa ya sare reshe ya yi. Turmi daga kirya, allo daga aduwa, ba ƙusa ba gam. Dajin Rugu da iyayensa suke shiga neman ice ya fi ƙarfin mai gatari yanzu, kiryar ma sai an yi da gaske ake samunta, amma wannan bai rage masa raini ba. In ya ga ana ɗaure but da igiya sai ya tambaya, a hankali, ko gudun hijira ake yi.

Akwai kuma wani iri da ba zan tsawaita a kansa ba, don mutanen kirki ne ƙwarai, kuma ba a fahimce su ba ne kawai. Su ne masu tsohon jakfilen na Ingila, Stanley ko Record, lamba 5, inci 14, wanda suka gada ko suka tsinta a wurin 'yan gwangwan. Ana naɗe shi a tsohon rawani kamar jaririn da za a kai gidan kakanni, a ɗora a cinya har a isa. Ba a aiki da shi a ƙauye, saboda katakon ƙauye akwai yashi, akwai ɓoyayyar ƙusa. Ana fito da shi ne a nuna, a bari mutum ɗaya ko biyu su taɓa, a mayar. Kilo biyu ne kacal. Rawanin ma na marigayi babana ne, ba shi da wani nauyi.

Duk waɗanda na lissafa zan sake shiga mota da su gobe. Saura ɗaya, shi ne ba na iya yi wa dariya.

Hannunsa a aljihu yake zuwa, da farar shadda, ba buhu ba jaka. "Ai na san kuna da komi," in ji shi, yana murmushi, sai ka ɗauka yabo ne. Ba talauci ba ne. Kuɗin aikinsa daidai da na kowa, wani lokaci ma shi ya karɓo kwangilar. Lissafi ya yi: ba kuɗin kaya a tasha, ba sauke buhu a shinge, ba wasi da daddare. Ana fara aiki zai fara zagaye. "Ɗan ba ni tef ɗinka minti ɗaya." "Wa ke da cizal kusa?" Aro a sana'ar nan ba abin kunya ba ne, duk wanda ya hau rufi ya taɓa miƙa hannu. Amma shi abin da ba nasa ba ba ya jin zafinsa. Da cizal yake buɗe gwangwanin fenti, da shi yake ɓanɓare tsohuwar ƙusa. Zarto zai tura cikin katakon da aka cire daga tsohon rufi bai duba ba, ka ji ƙarar nan da ke sa haƙorin kowane kafinta tsami. Tef ya ja shi har ƙarshe ya sake shi ya koma da ƙarfi, kan ya fizge.

Ko wannan da sauƙi, da zai zo ya ce ga abin da ya faru. Ba ya faɗa. Lallaɓawa yake yi ya mayar da abin cikin buhunka, can ƙasa, ya rufe da tsumma. Sai washegari, a wani gari, ka ɗauko cizal za ka fasa gurbin makulli a ƙofar maɗaci, ka tarar bakinsa ya ɓalle. Wanda bai taɓa wasi ba bai san abin da wannan yake nufi ba: sai ka cinye ƙarfen gaba ɗaya har ka wuce ɓallin, a kan dutse, da hannu, mai gida yana tsaye yana duban rana. Kuma wa ke ɗaukar buhu? Yaron shago, ɗan shekara 13 ko 14, wanda aka ce kayan amanarsa ne. Shi za a tsare. Ya rantse bai taɓa ba, a ce ƙarya ya fara koya kafin sana'a. Na ga an hana yaro kuɗin abincin rana a kan tef ɗin da bai karya ba, wanda ya karya yana zaune a tabarma ɗaya da mu yana shan fura, har yana sa baki: "Yaran yanzu ba su san darajar kaya ba."

Masu gida kuwa suna sonsa. Shi ne mai tsabta a cikinmu, shi ne ba ya zuwa da tarkace, shi ne yake da lokacin zama a zaure a gaisa. Lambarsa ake karɓa in za mu tafi. Har yau ban ji ya sayi ko fensir ba, amma bana ya sayi sabon Boxer, kuma ya riga ya sanar cewa ba ya ba da aron babur.