Gidan kifi na mai ƙaramin ƙarfi

Na shiga shagon masu sayar da kifin ado, na tambayi kuɗin akwatin gilashi. Da aka faɗa mini, na yi sallama cikin ladabi, na wuce wajen kafinta. Na ce ya haɗa mini akwati da katakon nan mai falle-falle, tsawo mita 1, faɗi da zurfi rabin mita, a bar taga a gaba don gilashi.

Ya dube ni ya ce, "Malam, kaji za ka zuba?"

Na ce kifi. Ya yi shiru, ya karɓi kuɗinsa.

Ashe katako da ruwa ba sa ga maciji. Sai an shafe cikin da gam ɗin ifoksi shafi uku, an liƙe gilashi da silikon, an ɗaure gefuna da ƙarin katako. Akwatin yana cin lita 250, wato jarka 10 ta ɗan garuwa, nauyin buhun siminti 5. Ni kuwa na yi shafi ɗaya saboda tattali, na cika shi a tsakiyar falo.

Da asuba na sauko daga gado na ji ƙafata cikin ruwa. Uwargida ta ce, "Maigida, kifayenka sun samu ƙarin ɗaki."

Kuɗin sabuwar darduma ya ninka na akwatin gilashin. Araha dai ba ta ado. In ka haɗa naka, fara gwada shi a tsakar gida.