Ranar da Surukina Ya Yi Waya da Shinkafa

Sati biyu cur na yi ina zaman makokin kunnena na dama ban gaya wa kowa ba. Abin ya faro ne a ƙarshen hunturu, lokacin da hazo ya lulluɓe Kano har mutum ya hau gadar Hotoro NNPC bai iya hango ƙarshen titin Maiduguri ba. Kullum da safe nakan hau adaidaita sahu daga Ɗan Marke zuwa wurin aikina a Gyaɗi-Gyaɗi, iyafis ɗina mara waya a kunne, ina sauraren labaran safe. Sai na lura mai karanta labaran ya kwashe kayansa ya koma kunnen hagu gaba ɗaya. A dama ba abin da ya rage sai wata 'yar murya, kamar ta wanda ya faɗa rijiya a unguwar maƙwabta yana neman a kawo guga.

Na ƙirga shekaruna. Na tuna kakana, Allah ya jiƙansa, wanda in za a gaishe shi sai an ɗaga murya kamar ladan. Na ce shi ke nan, gado ya iso. Duk sanda muka zo Dangi sai in kalli hanyar Asibitin Malam Aminu Kano in yi ajiyar zuciya, ina lissafin kuɗin kati da na awo. Daga ƙarshe na kasa haƙuri na sanar da uwargida cikin muryar tausayi.

Ko ɗagowa ba ta yi ba daga tsintar wake. "Ai ni shekara 14 ke nan ina gaya maka ba ka ji," in ji ta. "Kuma ba na daman kaɗai ba ne."

'Yata, 'yar aji uku a sakandare, ita ta karɓi iyafis ɗin ta haska shi da fitilar waya. "Abba, kunnenka lafiya lau. Dubi ragar nan."

Na duba, na kuma yi da-na-sanin dubawa. 'Yar ragar da sauti ke fitowa ta cikinta ta toshe da wani abu mai kalar daddawa. Kunne dama yakan fitar da maiƙonsa domin ya tare ƙura, aikinsa ke nan. Hunturu ya kawo ƙasa kyauta. Ni kuma na ƙara da man da nake shafawa saboda kaushi, sannan sau biyar a rana in yi alwala in shafi kunne, in mayar da iyafis tun damshin bai bushe ba. Ruwa, ƙasa, maiƙo: duk abin da magini ke nema ya yi tubali na haɗa masa, kuma an yi ginin, har da yaɓe.

A nan ne mai hankali zai ce alhamdulillahi ya nemi wanda ya sani. Ni tsinken sakace na nema.

Ina da hujja kuwa. Na taɓa karanta cewa sunan bulutus, wanda ke haɗa iyafis da waya, ya samo asali ne daga wani sarkin Denmak na ƙarni na 10, Harald, wanda ake yi wa laƙabi da mai shuɗin haƙori. To abin da aka raɗa wa sunan haƙori, me zai gyara shi in ba tsinken sakace ba? Na zauna a tabarma na gyara zaman tabarau, na fara haƙa a hankali kamar mai cire ƙaya. Datti na fitowa, daɗi na kama ni. Na ƙara ƙarfi kaɗan. Sai na ji ƙis, tsinken ya shige ciki har rabi.

Sauti ya dawo, ba zan yi ƙarya ba. Sai dai mai labarai ya dawo da mura, ga wani ƙuda da ya biyo shi cikin gwangwani yana zizi a bayan kowace kalma.

Daren nan na Juma'a na kai ƙara majalisarmu bayan isha'i. Ba a taɓa kai matsala majalisa aka dawo da shawara ɗaya ba. Direban cikinmu ya ce fetur, don ba dattin da ke gagarar fetur. Wani ya ce kananzir ya fi sauƙin kai. Wani ya ce in sa a baki in tsotse, aka yi masa caa. Tsohon malamin makaranta da ke gefe ya ce in jefar in sayi rediyo mai batir, shi tasa ta girmi auren wasunmu kuma ba ta taɓa shiga kunnen kowa ba. Na saurare su duka, na yi godiya, na tafi da tawa dabarar da ta fi tasu muni.

A jikin kwalin iyafis ɗin an rubuta IPX4. Ni a fahimtata ma'anarsa abin ba ya jin ruwa, kamar agwagwa. Da hantsin Asabar na zuba ruwan ɗumi a kofin shayi, na barbaɗa omo, na kaɗa har ya yi kumfa, na tsoma na dama. Sai na kalli na hagu, wanda bai yi laifin komai ba, na ga rashin adalci ne a yi wa ɗaya wanka a bar ɗaya. Na tsoma shi shi ma. Minti goma na ba su, su jiƙu sosai.

Sun fito fes, kamar ranar da na saye su. Na dama bai ƙara cewa uffan ba. Na hagu kuwa 'yar fitilarsa na kawowa tana ɗaukewa, kamar wutar unguwarmu.

Kowa ya san maganin na'urar da ta sha ruwa: shinkafa. Na faki idon uwargida na shiga kicin, na buɗe bokitin shinkafarta, na binne su biyun, na rufe, na koma ɗaki na ɗauki jarida kamar mutumin kirki.

Wajen sha biyu waya ta yi ƙara. Surukina ne. Na miƙe zumbur, na cire hula na mayar, na durƙusa a tsakar ɗaki, don ni ko a waya ba na gaishe shi a tsaye.

"Salamu alaikum, Baba. Barka da rana. An wuni lafiya?"

Shiru. Na duba fuskar waya, daƙiƙu na tafiya. Na sake gaisuwa. Shiru. Na mayar da wayar kunnen hagu, na sake mayarwa dama. Gumi ya keto mini. Na ce wayyo, ashe yarinyar nan lallashina ta yi, kunnuwan biyu ne suka tafi tare. Ina durƙushe ina ta "Baba? Baba, kana ji na?" ni kaɗai, har minti huɗu.

Ashe na hagu ne ya farfaɗo a cikin bokiti ya kama wayata. Muryar Baba tana can cikin shinkafa, kuma abin da ke kusa da bokitin shi yake ji. Daga baya ya ba da labari cewa da farko wani shuu ya ji, kamar yayyafi a kan kwano. Wannan uwargida ce ta buɗe murfi tana awo. Sai ya ji muryar 'yarsa raɗau tana ce wa ƙanwarta: "Mutumin nan kuɗin cefane sai an yi shari'a da shi, amma ya iya fitar da dubu 25 ya sayi abin toshe kunne don kada ya ji ni." Sai ya ji an yi salati, an ce, "Ƙwaro! Wani farin ƙwaro a shinkafa, kuma wallahi magana yake yi!" Abu na ƙarshe da Baba ya ji shi ne saukar ludayi.

Ba zan faɗi abin da ya biyo baya a gidan ba, akwai yara cikin masu karatu. Abin kunyar shi ne ban daddara ba. Na kwashe su na shanya a kan kwanon bayi, rana ta gama abin da shinkafa ta fara. Da la'asar na dama ya kumbura, bakinsa ya buɗe kamar gyaɗar da aka soya.

Ranar Litinin na nufi Farm Centre a Tarauni, inda duk wata waya mai ciwo a Kano ke zuwa jinya. Yaron da na samu bai fi sa'ar ɗana na fari ba. Na zayyana masa komai tun daga tsinke. Bai yi dariya ba, Allah ya yi masa albarka, sai dai ya kira maƙwabcinsa ya ce in maimaita wajen shinkafar.

"Alhaji, wannan ai gyaran gangar Auzinawa ka yi," ya ce. Ya ɗauki mai kumburin da ɗan hantsaki ya jefa a gwangwanin yashi. Ya ce a cikin kowanne akwai ɗan batirin litiyam, irin na waya, kuma in ya kumbura ba a sa shi caji, ba a matsa shi, ba a jefa shi a bolar da ake cinna wa wuta, don yana iya kamawa. IPX4 ɗin da na dogara da shi kuwa gumi ne da fantsamar ruwa yake nufi, ba nutso ba, balle da sabulu. Shinkafa ma ba ta da wata karama, gari kawai take ƙara wa ramukan. Abin da ya jiƙe a goge shi, a ajiye a inuwa mai iska, kada a mayar da shi gidan cajinsa sai ya bushe sarai.

Sai ya nuna mini aikin da ya kamata in yi tun farko, a kan na hagu. Ya cire robar bakin ya ce ita kaɗai ce ake wankewa da ruwa, ita ma sai ta bushe a mayar. Ya kifa ragar ƙasa don datti ya zubo waje maimakon ya shige, ya share ta da busasshen buroshin haƙori mai laushi. Ya goge jikin da ƙyalle. 'Yan ƙarafan caji ya taɓa su da auduga mai ɗigon sifirit, ya bari suka sha iska. Bai kai minti uku ba. "Sau ɗaya a sati, Alhaji. In ka yi alwala ka tsane kunne. Kuma ka daina ara wa 'yan majalisa, ciwon kunne ma ana ara."

Da daddare 'yata ta binciko ta karanta mini, da wata murya irin ta alƙali, cewa kamfanin Apple, wanda AirPods ɗinsa na Disambar 2016 suka yayata wannan yayi, shi ma ya hana tsinke da duk abu mai tsini, ya hana tara su a famfo, ya kuma ce a yi amfani da su a zafin da bai wuce digiri 35 ba. Mu nan a Afrilu muna haura 40 a inuwa, ni kuma kan kwano na ɗora. Ta ƙara da cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarar da ta kai desibel 80 kada babba ya wuce awa 40 a sati yana jin ta. Nan jikina ya yi sanyi, don sati biyun nan ƙure ƙara na yi ta yi domin in ji na dama, kunnen hagu mai lafiya yana shan dukan da ba nasa ba.

Na hagu ya rayu, da tabon ludayi a gefensa. Da shi kaɗai nake zuwa Gyaɗi-Gyaɗi yanzu, kunnen dama a buɗe, abin da uwargida ta ce shi ne alheri ɗaya da aka samu. Bokitin shinkafa an sa masa kwaɗo. Baba kuwa har yau in ya kira, kafin ya amsa sallamata sai ya tambaya, "Da kai nake magana, ko da shinkafa?"