Ƙofa Mai Ladabi

Akwai abubuwan da mutum zai yi rayuwarsa lafiya lau bai san da su ba, yana ci yana sha yana barci har da minshari, sai ranar da ya gan su a gidan wani, daga nan barci ya ƙaurace masa. Ni nawa ƙofar kabad ɗin kicin ce. Wani abokina ya gama gini a bayan gari, kafin iyalinsa su tare sai ya kwashe mu ya zagaya da mu ɗaki-ɗaki, muna ta "Allah ya sa rai aka yi wa". Da muka shiga kicin, ya buɗe ƙofar wani kabad ya wurga ta da iya ƙarfinsa. Na runtse ido ina jiran ƙara. Ƙofar ta taho a guje, saura ƙiris ta kai sai ta ja birki, ta ɗan yi shawara da kanta, sannan ta ƙarasa a hankali ta kwanta. Sauran abokai suka ce masha Allah, suka wuce ganin banɗaki. Ni kuwa sai da aka dawo aka janyo ni, ina tsaye ina buɗewa ina wurgawa.

A daren na zama shehin malami a fannin. Ashe sirrin ba a ƙofar yake ba, yana jikin hinjis ɗin da ke riƙe da ita. A cikin hannunsa akwai wani ɗan bututu da bai kai ƙaramin yatsa ba, cike da mai. Idan ƙofa ta kusa rufuwa sai ta tura wani ɗan sanda cikin bututun, man kuwa ba shi da mafita sai ta wata 'yar tsukukkiyar kafa, dole ya bi sannu. Sifirin hinjis ɗin yana jan ƙofar, mai yana cewa a dakata. Shokozoban mota ne dai aka ƙanƙantar. Na karanta cewa kamfanin Blum na ƙasar Ostiriya, wanda sunansa ya yi fice a harkar, wani maƙeri ne mai suna Julius Blum ya kafa shi a 1952 a garin Höchst, kuma abin da ya fara ƙerawa ƙusoshin takalmin doki ne, don kada dawaki su zame. A 2001 suka fito da dabararsu ta rufewa a hankali, suka sa mata Blumotion. Ga Hettich a Jamus, ga Salice a Italiya, ga kuma na Sin waɗanda suka cika kasuwanninmu.

Duk wannan na zayyana wa uwargida da safe tana dama koko. Ta saurara har na dire, sannan ta ce, "To Baban yara, tunda har ka kai Ostiriya, in ka juyo ka biya ta famfon wanke-wanken nan. Tun azumi yake ɗiga." Na ce mata famfo aikin mai gyaran famfo ne, wannan kuwa harka ce ta ilimi. Ta ce a kira kafinta. Na ce kafinta na me, alhali mutumin da na gani a bidiyo cikin 'yan mintoci ya gama, yana murmushi, ko ƙura ba ta taɓa rigarsa ba?

Na nufi kasuwar Ƙofar Ruwa da tsohon hinjis guda a aljihu, don na ji an ce a riƙa tafiya da samfuri. A aljihun ya kwana. Da na ce wa mai shagon ina son mai haidurolik, sai ya zube mini iri uku a kan kanta ya ce, "Alhaji, wanne? Miƙaƙƙe, mai rabin lanƙwasa, ko mai cikakkiyar lanƙwasa?" A bayana akwai wasu kafintoci biyu suna jiran layi, kuma na riga na shigo da takun wanda ya san abin da yake yi. Fito da samfuri a wannan lokaci zubar da girma ne. Na yi lissafi cikin sauri: kuɗinsu ɗaya, to wane mai hankali ne zai ɗauki rabi ga cikakke a ajiye? Na ce a ƙirga mini na ƙofofi takwas. Ya dube ni ya ce, "Ƙofofin naka a ciki suke zaune?" Na ce ƙwarai, a cikin kicin suke.

Abin da bawan Allahn yake tambaya daban ne. Miƙaƙƙen hinjis na ƙofar da take rufe gefen kabad ne gaba ɗaya ta waje, wato irin ta yawancin gidaje, har da nawa. Mai rabin lanƙwasa na inda ƙofofi biyu suka haɗu a kan katako ɗaya ne, kowace ta rufe rabinsa. Mai cikakkiyar lanƙwasa kuwa na ƙofar da take shigewa cikin bakin kabad ɗin ne ta zauna daidai da shi. Saboda haka da na ɗaura nawa, kowace ƙofa ta matsa ciki da kusan kaurin katako. Ta dama ta taho a hankali, ta hagu ta taho a hankali, suka haɗu a tsakiya, ɗaya ta hau kan ɗaya cikin natsuwa da mutunta juna, suka tsaya a nan. Babu ƙara, wannan kam an cika alkawari. Rufuwa ce dai babu.

Na koma kasuwa da yamma, lokacin da na tabbata kafintoci sun watse. Mai shagon bai ce komai ba, ya canza mini, sai dai waɗanda na riga na ƙuje da sukudireba ya ce sun zama nawa har abada.

Kabad ɗin ƙasa suna da ramin hinjis tun asali, zagayayye mai faɗin milimita 35, wanda kofin hinjis ɗin yake zama a ciki. Na sama guda biyu kuwa tsofaffin yayi ne, sai an haƙa musu. Na aro injin huji da bakinsa na musamman wurin maƙwabci, na kwantar da ƙofa a kan tabarma a tsakar gida, na auna, na sa alama da biro, sai aka ɗauke wuta. Na zauna ina gadin ƙofa. Da aka kawo, tsoron kada a sake ɗaukewa ya sa na danna injin da dukan nauyina. To, ramin zurfinsa wajen milimita 12 ake so, ƙofar kuma kaurinta 16 ne, bakin injin ga shi da ɗan tsini a tsakiya da yake riga sauran shiga. Tazarar da ke tsakanin gwani da abin kunya ba ta kai kaurin ƙwayar masara ba. Na ji injin ya yi sauƙi a hannuna, na ji wani ƙamshi da ba na katako ba. Da na ɗaga ƙofar, sai ga autana ta cikin ramin yana kallona da ido ɗaya. Tabarmar ma ta samu nata rabon.

Yanzu akwai hoton lemo da abarba manne a kusurwar ƙofar nan ta waje. Baƙi suna yabawa, suna cewa ado ne.

Kabad ɗin ƙarƙashin wurin wanke-wanke shi ya fi ba ni wuya. Katakonsa irin na garin katako ne da aka matse da gam, wanda ba ya shiri da ruwa ko kaɗan, famfon da aka ce in biya ta kansa kuma ya daɗe yana yi masa ban ruwa. Ya kumbura ya yi laushi, ina murɗa sukuru yana juyawa a banza, in saki ya faɗo. Nan ma ilimi bai ƙare ba: a cusa tsinken ashana a ramin da gam ɗin katako, a bari ya bushe, sai sukuru ya samu abin kamawa. Dabarar gaskiya ce, tana aiki a busasshen katako. A nawa ramin sai haɗiyewa yake yi yana neman ƙari. Da magariba uwargida ta zo kunna gas ta tarar da kwalin ashana wayam, kawunansu a tare a cikin murfin kwalba, jikinsu a cikin kabad. Yaro aka aika maƙwabta, gidan da na aro inji, don haka labari ya isa can da cikakken bayani.

Sauran ƙofofin sun hau, amma kowace da inda ta dosa. A jikin hinjis ɗin akwai wuraren saiti uku: ɗaya yana kai ƙofa dama ko hagu, ɗaya ciki ko waje, ɗaya sama ko ƙasa. In na daidaita sama sai ƙasa ta buɗe baki, in na rufe ƙasa sai ta gogi 'yar uwarta. Na yi ta murɗawa har na manta inda na faro.

Kafintan da aka kira daga ƙarshe dattijo ne, ya zo da wani ɗan yaronsa da bai wuce shekara 12 ba. Ya tsaya a bakin kicin ya daɗe yana kallo, ya ɗaga hoton abarba ya leƙa, ya zaro tsinken ashana guda ya juya shi a hannu.

"Yallaɓai, wa ya yi maka wannan aikin?"

Na ce, "Wani ne."

"To don Allah kada ka ƙara kiransa. Irinsu ne suke ɓata mana suna."

Daga bayan labule uwargida ta ce, "Ai Baba, ba kiransa ake yi ba. Da kansa yake zuwa."

Dattijon bai taɓa sukudireba ba. Yaron ne ya bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya, rabin murɗi nan, kwata can, kafin shayin da aka kawo musu ya huce duk sun tsaya a sahu. Ƙaramar ƙofar kayan yaji, wadda saboda rashin nauyi take ɗaukar lokaci kamar ba za ta iso ba, ya cire mata mai haidurolik guda ya mayar da na gargajiya, ya ce ɗaya ya ishe ta. Katakon da ya sha ruwa aka sauya shi, aka kuma ce kada a ɗaura komai sai an gyara famfo. An gyara. Abin da na biya, in aka haɗa da na tabarma, ya isa a kira kafintan tun farko har a ba yaron kuɗin mota.

Kicin ya yi tsit, kuma a nan ne na gane aikin da tsofaffin ƙofofin suke yi mini kyauta. Da, ina kwance a ɗaki nakan san an buɗe kabad ɗin madara da sukari, in daka tsawa tun daga nan. Yanzu gwangwani yana ƙarewa babu shaida, babu wanda ake tuhuma. Da, in na shigo gida na ji "garam" sau ɗaya, na san magana ce ƙarama. In na ji uku a jere, sai in juya in sayo tsire kafin in yi sallama. Yanzu ko uwargida ta wurga da hannu biyu, ƙofar sai ta sassauta maganar ta isar da ita cikin ladabi. Sai in shigo ina fara'a, in faɗa tsakiyar yaƙin da ban san an fara ba.

Hannuna kuma ya lalace. Ya saba da turawa ya wuce, ya bar wa mai sauran aiki. Ranar Juma'ar nan muka je gaida surukata. Ina durƙushe a gefen tabarma, kaina a ƙasa, sai ta ɗaga murya tana neman yaron da zai ɗauko mata tabarau a kabad ɗin falo, wanda ta jera tangaran ɗinta a ciki tun na aurenta. Babu yaro kusa. Na yi wuf na miƙe don neman albarka, na ɗauko, na tura ƙofar da bayan hannu yadda na saba, na juyo. Ƙarar da ta tashi sai da kajin tsakar gida suka watse, faranti biyu suka gangaro suka same ni a ƙafa. Hajiya ta karɓi tabarau ta ce, "Allah ya yi albarka," ba ta ƙara ko kalma ba.

Washegari da sassafe sai ga kawun uwargida ya yi sallama, da carbi a hannu da fuskar sulhu. Hajiya ce ta turo shi ya ji laifin da 'yarta ta yi mini, har na kasa haƙuri na je na huce a kan kayanta.