Ranki Ya Daɗe, Takardar Sakandare

Allah ya ja zamaninki, takardar sakandare, sarauniyar ƙofar neman aiki. Yau ikonki ya wuce ofisoshi ya kai garejin manyan motoci. Kamfani zai fitar da sanarwar neman direban tirela, sai ga ki a layin farko, kin riga lasisi, kin riga shekarun da mutum ya kwashe a kan kwalta. Madalla da wannan hangen nesa. Ai kowa ya san babu abin da ke riƙe mota mai tan 30 a gangaren Hawan Kibo kamar kiredit a Turanci da Lissafi.

Ki dubi irin mutumin da kika raba mu da shi, ki ƙara jin daɗi. Yana yaro ya shiga harkar a matsayin yaron mota. Shi ne mai dirowa da gudu ya cusa waigi a bayan taya idan mota ta tsaya a hawa, shi ne mai ɗaure tampol cikin ruwan sama, shi ne mai kwana a tabarma ƙarƙashin mota a Tafa ko Ogere yana gadin dizal. Da asuba zai bi tayoyi ɗaya bayan ɗaya yana bugunsu da ƙarfe, daga amon kaɗai ya gane wadda iskarta ta sauka. Shekaru ya yi yana kallon hannun maigidansa a kan giya kafin a yarda ya juya mota a cikin gareji, wasu shekarun kuma kafin a ba shi sitiyari a hanyar da ba kowa. Yanzu ya yi shekara 20 tsakanin Kano da Legas, ya san ramukan Birnin Gwari da na Mokwa, ya san inda ake sauke giya tun kafin gangare don kada birki ya ɗauki zafi. Duk wannan wane abu ne a gabanki? Bai zauna WAEC ba, bai zauna NECO ba. A sallame shi, a kira na baya.

Kuma na bayan ba su da iyaka, wannan ma alherinki ne. A 2012, da kamfanin Dangote ya nemi masu digiri su zo su tuƙa manyan motoci, mutum wajen 13,000 suka nema, a cikinsu har da masu digirin digirgir 6 da masu digiri na biyu fiye da 700. Marasa godiya suka ce wannan alama ce ta yunwar aiki. Mu masu yabonki mun gane nasara ce: ƙasa ta ilmantar da 'ya'yanta har sun kai matsayin yin layi a kan aikin wanda ba ta taɓa gina wa aji ba.

Ƙarin girmanki shi ne kin fi tsananta wa direba fiye da mai neman mulkin ƙasa. Sashe na 131 na tsarin mulkin 1999 ya ce ɗan takarar shugaban ƙasa ya kasance ya yi karatu zuwa matakin sakandare ko makamancinsa. Sai sashe na 318 ya buɗe masa ƙofa: takardar firamare ma ta isa, in ya haɗa da shekara 10 na aiki, da kwasa-kwasan da suka kai shekara guda, da iya karatu da rubutu da Turanci. Wato ga mai son jan ragamar mutum fiye da miliyan 200, gogewa tana iya maye gurbinki. Ga mai son jan buhunan siminti kuwa, a'a. Wannan adalci sai ke.

Amurkawa dai ba su waye ba tukuna. Dokar tarayyarsu ba ta neman takardar sakandare daga direban babbar mota, ko da yake wasu kamfanoni da makarantun tuƙi suna nema. Abin da ta nace a kai shi ne lasisin CDL, da gwajin likita, da shekara 21 ga mai tsallaka jihohi, da iya karanta alamun hanya, da horo na musamman da aka wajabta tun Fabrairun 2022. Har ƙidaya masa barci suke yi: ba zai wuce awa 11 yana tuƙi ba sai ya huta awa 10. Dubi ɓata lokaci! Mu a nan mun huta da wannan wahala. Wa zai tsaya auna idon direba, ko ya zaunar da shi ya karanta takardar lodi a gabansa, ko ya hau mota tare da shi ya ga yadda yake cin kwana da baya, alhali ga fotokwafinki a cikin fayil? Lasisin aji G na tirela yana nan a doka, hukumar FRSC tana nan tun 1988, cibiyar NITT tana nan a Zariya, amma gwada mutum aiki ne, duba takarda kuwa minti ɗaya ne.

A Majiya ta jihar Jigawa, a Oktoban 2024, tankar mai ta faɗi ta kama da wuta, mutum fiye da 150 suka ƙone. Wata uku bayan nan aka sake gani a mahaɗar Dikko ta jihar Neja. An yi jana'izar mutane a rami ɗaya, iyaye suna neman 'ya'yansu ba sa gane su. Da hukuma ta tashi ɗaukar mataki, lodin ta duba, ta hana tanka mai lita 60,000 ɗaukar mai daga Maris na 2025. Ba wanda ya tashi ya ce a kawo sakamakon jarrabawar direba. A ranar kuka kikan yi shiru, ranki ya daɗe, kuma wannan kunya taki abar yabo ce. Lalataccen birki, da tayar da ta suɗe, da ramin da ya shekara ba a cike ba, da direban da ya kwana biyu bai runtsa ba yana haɗiyar ƙwaya don maigida na jiran kaya, duk ba a ofishinki suke ba.

Ga ki kuma da sauƙin kai. Wanda bai same ki a aji ba zai iya samunki a cibiyoyin da ake rubuta wa ɗalibi amsa a allo, in dai da kuɗi. Mai gaskiya ne kaɗai kike wahalarwa. A ƙasar da UNICEF ta ƙiyasta yara fiye da miliyan 10 ba sa zuwa makaranta, mafi yawansu a Arewa, kin samu aikin yi na shekaru masu zuwa: a hana yaro aji yana ƙarami, a hana shi aiki yana babba saboda bai shiga ajin ba.

Shi kuwa gwanin da kika kora daga kamfani mai sababbin motoci da inshora da albashin wata, bai bar hanya ba, domin iyali na jiran cefane. Ya koma wajen mai tsohuwar DAF guda ɗaya, wanda ba ya tambayar takarda, ba ya sayen sabuwar taya, yana biya a kan kowane sawu. Gobe da asuba zai taso daga Apapa da lodin da ya wuce ƙima, a hanya ɗaya da motar haya da ke ɗauke da 'ya'yanmu.