Nawa Za Ta Yi In An Tashi Sayarwa?

Mu nan Gaya da Ajingi, mutum bai gama ƙirga kuɗin mota ba ya fara lissafin ranar da zai rabu da ita. Shigo gari da sabuwar mota ka gani, ko da kuwa sabuntar tata ta Beljiyam ce. Za a fito a kewaye ta, wannan ya ƙwanƙwasa bodi ya ji ko ta sha fenti, wancan ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, a ce Allah ya tsare, Allah ya sa a kashe lafiya. Kafin a shafa wani ya riga ya tambayi nawa aka sallama, wani kuma ya ja ka gefe: “Alhaji, duk ranar da ka tashi sayarwa kada ka wahalar da kanka zuwa Kano. Ga ni.” Ba hassada ba ce, haka muka taso. Mota a wurinmu tamkar san kiwo take: a saya a ɗaure, a yi ta zuba dusa, ranar da aure ko kujerar Makka ko kuɗin taki ya taso a kai kara. Sai dai shi sa ƙiba yake yi a turke, ita kuwa ramewa take, kuma wannan ita ce maganar da ba a faɗa a gaban mai ita.

Kasuwar mota kashi uku ce, ko da yake biyu ne masu rai. Akwai 'yar Kwatano, wadda wasu ke ce wa Beljiyam ko tokumbo, wato wadda Bature ya hau ya gaji aka sauko da ita daga jirgin ruwa. Akwai 'yar gida, ita ma asalinta can ne, sai dai ta sha hannun ɗan Najeriya, ta san ramukan hanyarmu, saboda haka kuɗinta ya sauka. Ta ukun ita ce sabuwar da aka haɗa a ƙasar nan, a Kaduna ko a Nnewi. Ita wannan da baki muke hawanta, yawanci a teburin mai shayi bayan isha'i, in an ƙoshi.

Wanda ya fi kowa hawanta wani malamin sakandare ne a unguwarmu, matashi mai kishin ƙasa, wanda har yau Boksa ke kai shi makaranta. Kullum abokin musunsa wani kawunmu ne, tsohon direba da ya yi shekaru yana lodi tsakanin Gaya da Kano kafin ido ya ajiye shi.

“Kawu, ni abin da ke ba ni haushi,” in ji malamin, “ga Innoson can a Nnewi yana fitar da mota tun 2010. Ga Dangote ya farfaɗo da Fijo a hanyar Kaduna zuwa Abuja tun 2022, har gwamnatinmu ta Kano tana da hannun jari a ciki. Amma mu sai kwasar abin da aka yar a Turai.”

“Ɗana, kai a takarda ka karanta motar gida. Mu da ita muka aurar da 'ya'ya.”

Kuma bai yi ƙarya ba. A 1975 kamfanin PAN ya fara haɗa Fijo a Kakuri, cikin Kaduna. A wancan zamanin Legas na haɗa Volkswagen, Bauci na da Steyr, Kano kanta tana da kamfanin manyan motocin Fiat a titin Zariya. Gwamnatin soja ta Obasanjo ta mai da 504 motar hukuma, daga manyan sakatarori har ƙasa, ma'aikaci kuwa ya karɓi bashin mota ya je ya ɗauko tasa a leda. Fijo 404 a-kori-kura ita ke kwaso gyaɗa da gero daga ƙauyuka, 504 wagon mai layin kujeru uku ita ce ta fasinja. Ƙafarta doguwa, da baya take ja, ba ta jin tsoron yashi, kafireta gare ta wadda yaron gareji ma zai kwance ya wanke ya mayar. Ta fita hannun ma'aikaci ta faɗa hannun ɗan haya, daga nan ta koma ƙauye tana jigilar awaki zuwa kasuwar Juma'a ta Wudil, kuma a kowane hannu akwai mai jiran ya taya. A wancan lokacin, in ana batun motar da ba ta faɗuwa a kasuwa, ta gida ake nufi.

Abin da ya karya ta ba lalacewar ƙarfe ba ne, naira ce. Da Babangida ya kawo tsarin tattalin arziki na SAP a 1986 darajar naira ta fara zubewa, alhali yawancin kayan da ake ɗaurawa a Kakuri daga Faransa ake sayo su. Sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi. Sai ƙofar Kwatano ta buɗe: a sauke a tashar ruwan Benin, a yi arewa da su a jere, a haye kogi daga Malanville zuwa Gaya ta Nijar, takwarar tamu, a biyo ta Dosso da Maraɗi, a faɗo ta Jibiya. An sayar da PAN ga 'yan kasuwa a 2006, bashi ya sa hukumar AMCON ta karɓe shi a 2012. Kawu yakan ce duk motar da ta ratsa waccan Gaya ai ta riga ta gaida mutanen gida, ba baƙuwa ba ce.

In musu ya yi tsawo, bakaniken unguwa ake juyawa a kalla, don shi ne alƙalin. Yakan gama kurɓar shayinsa tukuna.

“Malam, ni ban ce motar Innoson ba ta da kyau ba. Ban taɓa kwance ta ba, shi ke nan. In fitilarta ta fashe a hanyar Toranke, wa zan kira? Golf kuwa, in na yi waya Ƙofar Ruwa da hantsi, kafin la'asar direban Hayis ya sauke min kayan a tasha. Sabo nake so ko na Beljiyam, ni zan zaɓa.”

A nan maganar take. Ba kamfani ke yanka wa tsohuwar mota farashi a garinmu ba, ba ma dillali ba; bakanike ne da 'yan Ƙofar Ruwa. Jamusawa sun daina ƙera Golf 3 tun kafin shekarar 2000, amma je ka tasha ka ga yadda ake danna mata mutum biyu a gaba, huɗu a baya, but a buɗe an ɗaure buhuna da igiya. Sharon haka, Corolla haka, Honda kuwa tun daga Hala har zuwa wadda ake kira Anakonda kowace da masoyanta. Kuma don a san ba ƙin na gida muke ba, ga 406 nan: Kaduna ta haɗa ta shekara da shekaru, har gobe tana da kasuwa a Arewa, saboda duk garejin da ka tura ta akwai wanda ya san ciwonta. Mota mai kyau wadda babu mai gyaranta kuwa, ko daga ina ta fito, ranar sayarwa sai ka ji tayin da zai sa ka ce a kai kasuwa.

Ni ina ganin har da halinmu na gado a ciki. Garin maƙera ne fa. Labarin kaka da kakanni ya ce a Gaya aka ƙera wa Bayajidda wuƙarsa, kuma daga nan Abagayawa suka tashi neman tama har suka sauka a Dala. Jikan maƙeri bai cika yarda da ƙarfen da ba zai iya buɗewa ya ga cikinsa ba. Shi ya sa motocin yanzu masu ƙwaƙwalwa, waɗanda sai an jona kwamfuta kafin a san abin da ke damunsu, muke yi musu kallon nesa.

Shi ma malamin ba a banza yake ba, kuma a nan ina bayansa. Ya ce sabuwa tana zuwa da garanti, ka yi shekaru ba ka san garambawul ba, daga juye sai taya. Tokumbo fa? Da yawa daga cikin na Amurka gwanjon motocin haɗari ne ko waɗanda ambaliya ta sha, a gyara fuska a fesa fenti, a mayar da lambar tafiyar baya, ka saya kana murna wata tsohuwa ce ta hau ta zuwa coci kawai. Wata uku giya ta fara shura. Duk gaskiya ne. Amma sabuwa kuɗinta a dunƙule ake ajiyewa, kuma wa ke da su? Banki in ya ba ka, ruwan da zai ɗora ya isa ya nutsar da kai, tunda a ƙarshen 2024 Babban Banki da kansa ya kai ma'aunin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari. Balle ma yawancinmu ko a ruwa kaɗan ba za mu taɓa ba, don tsoron riba.

Kawu kuma ya ƙara da tasa: “Da gwamnati ta hau Fijo muka hau. Ita ke saye da yawa, in ta tsufa a yi gwanjo, kayan gyara su cika kasuwa, yara su koyi aiki a kanta. Yanzu 'yan majalisar tarayya da aka rantsar a 2023 me aka raba musu? Toyota, daga waje. To ni da nake jiran ragowarsu, me zan gada?” Ba wanda ya amsa masa, har malamin.

Wahalar riƙo kuwa ba ma rubutawa, shi ya sa ba ta ba mu tsoro sai ta taru. Kafin 29 ga Mayun 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 a hukumance ba. Cikin kwanaki ta haura 500, a 2024 ta tsallake 1,000. Tun daga nan masu silinda shida suka koma kwana a rumfa an lulluɓe su da tamfol, sai ranar ɗaurin aure ko ta'aziyya, ƙananan masu shan mai kaɗan kuma suka yi daraja. Inshorar dole da ake biya naira 5,000 ta koma 15,000 a farkon 2023. Damina ɗaya a hanyar Gurduba ko Gamarya ta isa ta cinye maka ƙafar mota. Ga gwangwanin baƙin mai, ga batir, ga mai faci, ga maƙwabcin da matarsa ke naƙuda da tsakar dare, wanda ba za ka ce ya zuba mai ba.

Sai uwa uba takardar kwastan. A 2013 gwamnatin Jonathan ta fito da tsarin da ya kai harajin shigo da mota kashi 70 cikin ɗari, wai don a kare masu haɗawa a gida; dokar kuɗi ta 2020 ta sassauta. Daga 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa, sai ta tashar ruwa. Motoci dai ba su daina ratso daji ba. Irin waɗannan su ne masu arha mai daɗin ji, amma mai ita ba ya haye gadar Wudil sai yana waige-waige, kuma ranar sayarwa mai saye zai zare kuɗin diyuti daga cikin tayinsa, har da na fargaba.

Inda muka fi yaudarar kanmu shi ne wajen riba. Tun 2024 ba ka rasa mai bugun ƙirji: na saye ta miliyan uku, na hau shekara guda, na sayar miliyan shida. Wani tsohon hedimasta da ke zama a ƙarshen benci shi ke warware wa irin waɗannan lissafi, a hankali, kamar yana gaban allo.

“Alhaji, lokacin da ka saya, dala nawa take a Wapa?”

“Wajen 750.”

“Da ka sayar fa?”

“Ta haura 1,500.”

“To ina ribar? Ɗauki miliyan shidan ka tafi Ƙofar Famfo ka ce a ba ka irin wadda ka sayar. In ka dawo da ita, shayinka na wata a kaina.”

Amma shi ma hedimastan ya san wanda ya bar miliyan ukunsa a banki ya fi Alhaji shan kashi. Tokumbo da dala ake sayo ta, da dala ake lissafa diyutinta, saboda haka duk sanda naira ta zame, tsohuwar da ke ƙofar gidanka sai ta bi sabbin shigowa ta hau. Ba riba ka ci ba, asara ka rage. A ƙasar da kuɗi ke narkewa a aljihu wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma yana daga cikin dalilan da suka sa muke riƙe da abin da kowa zai iya saya gobe da safe.

Dillalai sun haddace kalandarmu. In ruwa ya sauka kowa na neman kuɗin taki da na noma, sai su yi ta saye a wulaƙance. In kaka ta yi, an sayar da riɗi da wake, aljihu ya yi nauyi, sai su wanke su goge su jera. Malamin namu ya shiga adashi, kwasarsa kuma ta faɗo daidai farkon damina, wanda ya ce ba dabara ba ce, dace ne. Ya kira dillali gefe ya ce a nemo masa 406, amma da sharaɗi: lallai ta kasance haɗin Kaduna, don kada 'yan teburi su samu abin faɗa.

Dillalin ya gyara hula ya ce, “Malam, kwantar da hankalinka. Duk wadda na kawo maka, ta Kaduna ce.”