Rodin Bene

Saura mako biyu azumi, oda ta yi wa wata masana'antar lemon kwalba da ke Sharaɗa yawa. Manaja ya sayo sabuwar sensa mai duba cikar kwalba, ya ce a ƙara mata kati a jikin PLC, wato kwamfutar da ke juya layin, a yau, kuma kada layi ya tsaya ko na minti ɗaya. Wai ya gani da idonsa a wajen baje koli, ana zare kati ana sa wani, inji na ta aiki.

Baba Injiniya bai ce a'a ba. Ba a ce wa Yallaɓai a'a a gaban leburori. Sai ya buɗe fanel, ya yafito yaron da ke koyon aiki a hannunsa, ya ɗaga murya fiye da yadda ƙarar injin ta buƙata.

"Ɗana, ka san Alhajin unguwarmu mai son bene?"

"A'a, Baba."

"Lokacin da yake gini, magini ya ce a zurfafa tushe, a bar rodi tsaye a saman dekin saboda gaba. Alhaji ya ce wannan ɓarnar kuɗi ce, aka yanke. Bayan shekara biyar zai ƙara aure, ya kira maginin nan, ya ce a ɗora masa bene kafin biki, kada a fasa rufi, kada iyali su fita, kada ƙura ta sauka a kan kujerunsa. Hujjarsa ita ce maƙwabcinsa ya yi haka. Bai tambayi abin da maƙwabcin ya binne a ƙasa tun ranar farko ba."

Manaja na tsaye a baya, yana latsa wayarsa.

Baba ya haska tocila a bayan katunan. "Dubi nan. Wannan Siemens S7-300 ce. Kowane kati yana miƙa saƙo ga na kusa da shi ta wannan ɗan mahaɗi mai kama da harafin U. In ka zare ɗaya, duk na bayansa sun kurmance. In kuwa ka sauya tsarin katunan, sai ka tsayar da ƙwaƙwalwar kafin ta karɓa. Wadda ake ƙara wa kati tana aiki, S7-400 ce, ga kuma ET 200M mai bayan da ke ɗauke da saƙo ko an zare kati. Ita ma sai an ware gurbin tun ranar da aka tsara ta. Masu ita suna kiran abin CiR. Ko a nan, lokacin karɓar sabon tsari takan riƙe komai yadda yake na abin da bai wuce daƙiƙa ɗaya ba, sai ka tabbatar injinka zai jure."

"To me ya sa ba a sayo mana irinta ba, Baba?"

"An kawo takardar farashi guda biyu a lokacin. Ni dai talaka ne."

Yaron ya yi shiru, don shi ma ya fara jin inda sandar ta nufa.

"Kuma kada ka raina ƙaramin taɓi. A Maris 2008, a tashar nukiliya ta Hatch da ke jihar Jojiya a Amurka, wani injiniya ya sabunta manhaja a kwamfutar ofis kawai. Ashe tana musayar bayanai da na'urar sarrafa tashar. Da ta sake tashi, sai ta goge bayanan can, na'urorin tsaro suka ɗauka ruwan sanyaya makamashin ya ragu, suka kashe rukuni na 2. Awa 48 suna zaune. Su da ke da littafin ƙa'ida kan kowace ƙusa ke nan, balle mu da ko kwafin furogiram ɗinmu na ƙarshe yana laftof ɗin ɗan kwangilar da ya daina ɗaga waya."

Ya rufe fanel a hankali, ya juya kamar yanzu ya ga mutum. "Ranka ya daɗe, ashe kana nan? Yaro nake koya wa aiki."

Manaja ya sa wayar a aljihu. "Awa nawa kake so?"

"Biyu, daren Lahadi bayan an wanke layi. Amma a fara nemo mini ɗan kwangilar nan."

"A tura direba gidansa," in ji Manaja, ya wuce ofis.